Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Kwanciyar Hankalin Yaranmu a Makarantun Gwamnati na New York

Duk mai ɗa a makarantar gwamnati a Bronx ko Harlem ko Brooklyn ya san faɗuwar gaban da ke zuwa idan lambar makaranta ta fito a waya da tsakar rana. In aka ɗauka aka ji soshal woka ce ke son ganin uwa ko uba, sai tunani ya rabu biyu: ko dai za a ce yaro ya taɓu, ko kuma ana shirin ƙwace shi. Da yawanmu ba ma mayar da kiran, takardar da aka aiko kuma ta zauna a jakar yaro har ta yage. An rubuta wannan bayani ne domin a san ko su wane ne waɗannan ma'aikata, abin da doka ta ba su, abin da ta hana su, da abin da ta ba iyaye da ɗalibai. A zango in an ce makaranta ta malam ake nufi, amma a nan duk inda aka ce makaranta kawai, ta boko ce. Ta malam za mu kira ta Islamiyya.

Girman lamarin

Makarantun gwamnati na birnin New York su ne tsari mafi girma a duk Amurka, da ɗalibai kimanin 900,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Wato suna somawa a lokacin da yaro ke yini a aji, malamai na ganinsa fiye da yadda uban da ke tuƙin dare ko uwar da ke aikin kula da tsofaffi ke ganinsa.

A binciken da aka yi wa ɗaliban sakandare na birnin a 2021, kashi 38 cikin 100 sun ce a shekarar sun yi mako biyu ko fiye a jere cikin baƙin ciki da yanke ƙauna har suka daina wasu ayyukan da suka saba. A 2011 adadin kashi 27 ne. Kusan ɗaya cikin goma ya ce ya yi yunƙurin kashe kansa. Annobar korona ta ƙara dagula lamarin: an rufe makarantu a watan Maris na 2020, kuma an ƙiyasta yara fiye da 8,000 a birnin sun rasa uwa ko uba ko mai riƙonsu. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, ɗalibai sama da 146,000 ba su da tsayayyen wurin kwana, wasu a gidajen da gwamnati ke ajiye marasa muhalli, wasu cunkushe a ɗakin 'yan'uwa, kuma gundumomin Bronx na cikin waɗanda abin ya fi yi wa yawa.

Mutanen Afirka ta Yamma na Bronx suna da nasu tabon daban. Gobarar Highbridge ta watan Maris na 2007 ta ci mutum 10 'yan asalin Mali, tara daga cikinsu yara. Gobarar benen Twin Parks ta ranar 9 ga Janairun 2022 ta ci mutum 17, takwas yara ne, akasarinsu daga iyalan Gambiya. Abokan ajin waɗannan yara da abokan Islamiyyarsu sun koma karatu da kujerun da babu kowa a kansu. Da aka gama zaman makoki manya suka koma aiki, su kuma yaran ba kowa ya tambaye su abin da ke hana su barci ba.

Yadda damuwa ke bayyana a yaro

Yaron gidan zango ba kasafai zai zo ya ce wa babansa yana cikin damuwa ba. Kunya ta hana, kuma kalmar da muke da ita a baki ita ce hauka, wadda ba wanda ke so a jingina masa. Saboda haka abin yakan fito ta jiki ko ta hali. Ciwon kai da ciwon ciki kowace safiyar Litinin, wanda likita ya duba bai ga komai ba. Barci da rana, ido biyu da dare. Yarinya mai surutu ta yi tsit, ta daina cin abinci tare da kowa. Yaro mai sanyin hali ya koma faɗa da ƙannensa, maki ya zube, ya fara tsallake aji. Saka riga mai dogon hannu a tsakiyar zafin Yuli ma abin dubawa ne, domin wasu yaran suna yankar fatarsu su ɓoye.

Kwana biyu na ɓacin rai ba ciwo ba ne. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi shi ne daɗewa da kuma hana rayuwa: in abin ya kai mako biyu kuma ya taɓa barci, ci, karatu ko hulɗa, lokacin neman a duba ya yi. Ciwon damuwa da ciwon fargaba suna cikin waɗanda suka fi yawa, kuma duka biyun ana warkewa. Akwai kuma rashin iya tattara hankali da yawan ƙiriniya da likitoci ke kira ADHD, wanda a gida mukan ɗauka taurin kai ne, da galahanga, da wahalar karatu wadda ba ta da alaƙa da daƙiƙanci. Wiwi ma ya shigo cikin lissafi. Tun 2021 jihar New York ta halatta shi ga wanda ya kai shekara 21, ga yara kuwa haramun ne a doka, kuma mai ƙarfin da ake sayarwa yanzu yana iya tayar da ruɗewar hankali ga matashin da ke sha kullum.

Da yawanmu in muka ga irin wannan mukan fara da malam: ruƙiyya, tofi, rubutu. Ba wanda ke cewa a bar addu'a. Abin da ake cewa shi ne a haɗa da likita, kamar yadda mai ciwon suga ke addu'a yana shan maganinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. A gida ma an motsa: Ghana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, ta kuma cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka a 2023, Najeriya kuma ta sa hannu a tata dokar a farkon 2023.

Su wane ne a cikin makaranta

Mutum na farko da ya kamata uwa ko uba su sani shi ne kodinetan iyaye. An ƙirƙiro wannan muƙami a 2003, aikinsa shi ne haɗa gida da makaranta. Ba ya ba da maki, ba ya hukunci. Shi ne ya san ofishin da za a nufa, kuma shi ake gaya wa ana buƙatar tafinta.

Sai kaunsila, mai ba ɗalibai shawara kan darussa, neman kwaleji da ƙananan matsaloli na yau da kullum. Sai soshal woka, wadda ta yi karatun zama da yaro ko iyali a kan damuwa, rasuwa, rikicin gida ko rashin wurin kwana, ta kuma haɗa su da asibiti ko ƙungiya a waje. A 2021 birnin ya sanar da ɗaukar sababbin soshal woka 500 saboda abin da korona ta bari. Ita ma'aikaciyar makaranta ce, ba ta hukumar da ke ɗauke yara ba, ko da yake sunan aikin ɗaya ne, kuma daga nan ruɗanin namu ya samo asali. Akwai saikolojis, wanda yawancin aikinsa gwaji ne domin gano ko yaro na buƙatar taimako na musamman. Shi ba ya rubuta magani. Akwai nas, sannan wasu makarantun suna da mai ba da shawara kan shaye-shaye.

Wasu makarantun suna da ƙaramin asibiti a cikin gini. A Bronx asibitin Montefiore ne ke gudanar da da yawa daga cikinsu, kuma ana ganin mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ciki ba tare da uwa ta rasa aikin yini ba. Sai an sa hannu a takardar rajista kafin yaro ya shiga, kuma wannan na cikin takardun da ke yagewa a jaka. Akwai kuma shirin Mental Health Continuum, wanda ya haɗa makarantu 50 na kudancin Bronx da tsakiyar Brooklyn da asibitocin birni domin ɗalibi ya ga likita da wuri. Makarantun da ake kira na al'umma, waɗanda aka faɗaɗa tun 2014 har suka haura 400, kowace tana da ƙungiyar da ke aiki tare da ita kan lafiya, abinci da darussan yamma. Gaskiyar magana, rabon bai zama daidai ba. Wata makarantar tana da duk wannan, wata kuma soshal woka ɗaya ce ga ɗaruruwan yara. Tambayar da za a yi wa kodineta tun watan Satumba ita ce: a wannan ginin, wa yarona zai gani in ransa ya ɓaci, kuma kwana nawa yake zuwa a mako?

A aji ma akwai abin da ake koyarwa. Tun 1 ga Yulin 2018 dokar jiha ta wajabta saka lafiyar ƙwaƙwalwa cikin darasin kiwon lafiya daga firamare har sakandare. A 2023 magajin gari na lokacin, Eric Adams, ya sa makarantu su riƙa ba da minti biyu zuwa biyar kullum na jan numfashi a natse. Wasu iyayenmu sun yi zaton wani addini ake cusa wa yara. Jan iska ne da saki a hankali domin bugun zuciya ya sauka, wanda kuma ke da shakka yana iya neman malamin aji ya nuna masa. Daga Satumban 2025 kuma dokar jiha ta hana amfani da wayar salula tun daga ƙararrawar shiga har ta tashi, tare da wajabta wa makaranta ta ba iyaye hanyar samun ɗansu in buƙata ta taso.

Tsoron ACS

A nan ya kamata a tsaya, domin shi ne abin da ya fi hana mu buɗe baki. ACS ita ce hukumar birni mai binciken cin zarafin yara da sakaci da su. Malamai, kaunsila, soshal woka da nas duk doka ta wajabta musu kai rahoto ga layin jiha idan suna da dalilin zargin ana cutar da yaro. Wannan gaskiya ne, kuma gaskiya ne cewa iyalan baƙar fata da na 'yan Latin ne suka fi shan bincike, abin da lauyoyi da ƙungiyoyin iyaye suka daɗe suna kuka a kai. Tsoron namu yana da tushe.

Sai dai a san abin da ke jawo rahoto. Yaro yana da damuwa, ko yana ganin mai ba da shawara, ko yana shan magani, babu ɗaya a ciki da yake laifin iyaye. Talauci shi kaɗai ba sakaci ba ne a doka. Abubuwan da ke jawo rahoto su ne shatar bulala ko waya a jiki, barin ƙaramin yaro shi kaɗai, fashin makaranta mai yawa wanda iyaye suka sani suka ƙyale, da ƙin kai yaro asibiti alhali an faɗa musu rayuwarsa na cikin haɗari. Dokar New York ba ta hana horo gaba ɗaya ba, amma dukan da ya wuce kima tana lissafa shi cikin sakaci, kuma dorinar da muka sha a makarantar allo a Kumasi ko Nima ko Lome, a nan ta wuce kima. Wannan ya shafi malaman Islamiyya na Asabar da Lahadi ma. A makarantar gwamnati kuwa malami ba shi da ikon taɓa yaro ko kaɗan.

A ganina, uwar da ta amsa waya, ta zo taro, ta nuna tana neman wa ɗanta taimako, ta fi tsira daga bincike nesa ba kusa ba a kan wadda ta ɓuya. Shirun da muke ɗauka kariya ne, shi ne a takardar makaranta ake rubutawa an kira sau biyar ba a samu kowa ba. Idan kuma ma'aikatan ACS sun ƙwanƙwasa ƙofa, mutum yana da damar neman shawarar lauya da neman tafinta. A Bronx ƙungiyar Bronx Defenders tana kare iyaye kyauta a irin wannan shari'a.

Batun takardun zama shi ne tsoro na biyu. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler, kowane yaro yana da haƙƙin karatu a makarantar gwamnati ko da wane irin matsayi iyayensa ke da shi, kuma makarantun birnin ba sa tambayar matsayin shige da fice. Inshorar Child Health Plus tana ɗaukar duk yaron da bai kai shekara 19 ba a jihar, mai takarda da marar takarda, kuma ta haɗa da ganin likitan ƙwaƙwalwa. Manya marasa inshora suna da NYC Care, wanda aka fara a Bronx a 2019. Dokokin shige da fice na tarayya suna yawan canzawa, don haka mai wata shakka ya tambayi lauya a African Services Committee da ke Harlem ko African Communities Together kafin ya hana ɗansa magani saboda jita-jitar WhatsApp.

Haƙƙoƙin da ya kamata a riƙe

Tafinta haƙƙi ne, kuma kyauta ne. Faransanci da Larabci suna cikin harsunan da ake fassara takardun makaranta zuwa gare su, abin da zai amfani 'yan'uwanmu na Nijar, Togo, Benin da Burkina. Hausa ba ta cikinsu, amma akwai tafinta ta waya a harsuna da yawa, sai a nema tun kafin ranar taro. Kada a sa yaro ya yi wa iyayensa tafinta a taron da ake maganar damuwarsa. Ba zai fassara abin da yake jin kunyarsa ba, kuma nauyin ya fi ƙarfinsa.

Idan matsala ta shafi karatu, iyaye na iya rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa su nemi a yi wa yaro gwaji. Ba a yin gwajin farko sai da sa hannunsu. In an ga yana buƙata, sai a rubuta masa tsarin karatu na kansa da ake kira IEP, wanda zai iya ƙunsar zaman shawara kowane mako, ƙarin lokaci a jarrabawa ko ƙaramin aji. Akwai kuma tsarin 504 ga wanda ke buƙatar sauƙi kawai, misali izinin fita aji ya huce in fargaba ta taso. IEP ba tambarin hauka ba ne, kuma yawancin masu shi suna zaune a aji ɗaya da sauran yara. Dokar tarayya ta hana makaranta ta ce sai yaro ya sha maganin ƙwaƙwalwa kafin ya zauna a aji. Shawarar magani tsakanin iyaye ne da likitansu. Iyaye kuma suna da ikon ganin fayil ɗin ɗansu, bisa dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974.

Tsangwama tana cikin manyan abubuwan da ke karya zuciyar yaranmu, musamman sababbin zuwa: dariya kan lafazi, kan baƙar fata, kan suna, kan hijabi. Dokar jiha ta kare mutuncin ɗalibai ta fara aiki a Yulin 2012, an kuma ƙara mata cin zarafi ta intanet a 2013. Kowace makaranta tana da ma'aikacin shirin Respect for All da ake kai wa ƙara, kuma dole a bincika. A kai ƙarar a rubuce, a ajiye kwafi da kwanan wata. Ka'idojin makarantun birni sun kuma tanadi sauƙi saboda addini, kamar neman wurin salla, kuma tun 2015 ana rufe makarantu ranar Sallar azumi da ta layya in sun faɗo a ranar karatu. Yaron da ba ya ɓoye azuminsa ko sunansa ya fi samun natsuwa a aji.

In an dakatar da yaro, dakatarwar shugaban makaranta ba ta wuce kwana biyar. Wadda ta fi haka sai an yi zama an ji ta bakin yaro da iyayensa, kuma suna iya zuwa da mai kare su. Makarantu da yawa suna da tsarin sulhu, inda ake zaunar da mai laifi da wanda aka yi wa laifi a gyara tsakani. Wanda ya taɓa zama a fadar sarkin zango ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan, sai dai ya tambaya ko akwai shi.

Idan abu ya kai ga haɗari

Yaron da ya ce gara ya mutu, ko ya rubuta haka a waya, ko ya fara rabar da kayansa, ba a ce masa ya yi istigfari a wuce. A zauna da shi a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta saka wa yaro tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe magunguna, har da na ciwon kai, da wuƙaƙe a kulle. Sai a kira 988, ko a aika saƙon tes, dare ko rana, kyauta. An buɗe wannan lamba a duk Amurka a Yulin 2022, a New York kuma ita ta maye gurbin NYC Well, ana kuma samun tafinta. Ta nan ake neman tawagar da ke zuwa gida domin yara, wadda ma'aikatan lafiya ne ba 'yan sanda ba. In yaro ya riga ya sha wani abu ko ya ji wa kansa rauni, 911 ce ko ɗakin gaggawa mafi kusa, kamar Lincoln, Jacobi, BronxCare ko Montefiore. Asibitin Bellevue a Manhattan yana da sashen gaggawa na ƙwaƙwalwa na yara zalla.

A cikin makaranta ma akwai ka'ida. A da, wasu makarantu kan kira motar asibiti da zarar ƙaramin yaro ya birkice, har iyaye suka kai ƙara kotu. Daga sasancin wannan shari'a aka fitar da ka'idar A-411 a 2015. Ta ce ma'aikata su fara ƙoƙarin kwantar da yaro, su nemi iyaye, kada a kira 911 sai akwai haɗarin mummunan rauni nan take, kuma kada a yi amfani da ita a matsayin horo. Makaranta kuma ba ta da ikon cewa yaro ba zai dawo ba sai da takardar wanke shi daga likitan ƙwaƙwalwa.

Ga matasa

Ƙannenmu da 'ya'yanmu, in kana tsakanin shekara 13 da 17 kuma kana zaune a birnin, akwai NYC Teenspace, wanda hukumar lafiya ta birni ta buɗe a Nuwamban 2023 tare da kamfanin Talkspace. Ana magana da ƙwararre ta saƙo ko bidiyo, babu kuɗi, babu neman inshora. A mafi yawan lokuta ana buƙatar yardar uwa ko uba. In faɗa musu ya yi maka nauyi, ka fara da kaunsila ko wata gwaggo ko kawu da kake sakewa da shi, su taya ka buɗe maganar. Abin da ka gaya wa kaunsila sirri ne, in ban da abu uku: kana shirin cutar da kanka, ko wani, ko ana cutar da kai. Idan abokinka ne ya gaya maka yana son mutuwa ya ce ka rufa masa asiri, wannan ba amanar da ake riƙewa ba ce. Ka gaya wa babba a ranar.

Batun mai da yaro gida

Maganin da muka fi sani in yaro ya gagara shi ne tikiti zuwa Accra ko Yamai ko Kano, wurin kaka ko makarantar kwana. Akwai waɗanda hakan ya gyara, suka dawo da harshe da karatu da natsuwa. Amma in abin da ke damun yaro ciwo ne, jirgi ba ya barinsa a filin JFK. Ya bar abokai, ya bar likita, ya ji an jefar da shi, kuma ya sauka inda likitocin ƙwaƙwalwa na yara ba su da yawa. Kafin a sayi tikiti a bari a duba shi tukuna. Doguwar tafiya a tsakiyar zangon karatu ma tana da nata lissafi. Zuwa makaranta wajibi ne a birnin daga shekara 6 zuwa 17, kuma wanda ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin shekara, wato kimanin kwana 18, ana saka shi cikin masu yawan fashi. A sanar da makaranta a rubuce kafin a tafi.

Na ƙarshe shi ne namu na manya. Kowace makaranta tana da ƙungiyar iyaye da kwamitin shugabanci wanda rabinsa iyaye ne, kuma kwamitin yana da baki a tsarin shekara na makaranta, inda ake tattauna ko za a nemi ƙarin soshal woka ko shirin sulhu. Kujerun nan ba kasafai ake ganin ɗan zango a kansu ba, domin taron yakan faɗo lokacin da muke kan hanyar aiki. Masallatai da ƙungiyoyinmu, irin su Yankasa a Bronx, suna da mutanen da suka yi karatu a nan, nas-nas da malamai da 'yan kwaleji, waɗanda za su iya raka uwar da ba ta jin Turanci zuwa taron IEP. Iyalai biyar masu yara a makaranta ɗaya suna iya tsayar da mutum ɗaya ya riƙa halartar taron wata-wata, ya kawo musu rahoto bayan sallar Juma'a. Ranakun taron suna wurin kodinetan iyaye.